Daminar da Na Shanye Aikin Rifkatu

Gwiwoyina na cikin taɓo, hannuwana biyu a ƙeya, ruwan sama na gangarowa ta wuyan rigata. Kwamandan 'yan sintiri ya ɗaga wata 'yar roba sama yana juya ta kamar mai duba ƙwai.

"Kai, zan sake tambayarka. Mene ne a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ne. Aiko ni aka yi."

"Ban ce wa ya aiko ka ba. Na ce me ke ciki?"

Mashin ɗina na kwance a gefen shinge, a daidai mashigar garinmu, Tsohon Birnin Gwari. An zazzage kwalin da na ɗauko a kan benci. 'Yan robobi ne guda shida, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, da murfinta a rufe gam, an manna mata takarda mai haruffa. Kuma in ka leƙa, ba komai a ciki. Wayam. Mutane sun fara tsayawa da buhu a ka suna kallo, kuma rabinsu sun san ni tun ina yawo ba wando.

Abin da ya dawo min da wannan ranar, jiya ne Inna ta kafa tsiyayar toka a bakin madafi. Ta cika tsohuwar ƙwarya mai huji da tokar kara, ta zuba ruwa, yana ɗiga cikin kwano, ɗis, ɗis. Bana ba rashin kanwa ba ne, ga ta nan jibge a kasuwa. Ita ce dai ta ce kuɓewa ta fi yauƙi da toka. Bana an koma gonakin daji, dawar Baba ta fi mutum tsawo, har taki muka zuba sau biyu. Amma da warin nan ya buge ni, sai na tashi na bar gidan. Na je bakin titi na zauna, na kasa zama, na dawo.

A waccan daminar ba wanda ya taka gonar daji. Tun ruwan farko 'yan bindiga suka ɗauke mutane a kan hanyar Dogon Dawa, daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Babbar gonar Baba tana can ciki, ciyawa ta cinye ta. Sai ɗan fegin da ke bayan makarantar firamare, wanda muka haɗa hannu da maƙwabtanmu muka noma tare. Gidan Malam Bitrus ke nan, malamin makaranta ne, mutumin kudancin Kaduna, amma ya fi shekarun haihuwata a unguwarmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ta zube ta gefe, ta nan ake miƙa wuta da gishiri. Ran Juma'a su suke riƙe aikin, ran Lahadi mu. Kullum kuma ana ɗora mutum ɗaya a kan ɗorawa yana duba bakin daji, in ya ga ƙurar mashina ko ya ji ƙara ya yi fito, kowa ya yar da fartanya.

Rumbu ya ƙare tun kafin masara ta yi goyo. Aka koma cin abinci sau ɗaya, da la'asar, don ya kai mutum barci. Da safe sai kunu tsararo, wanda za ka ga fuskarka a ciki. Inna da matar Malam Bitrus, Maman Rifkatu, su fita tare su tsinko tafasa da rama a bakin rafi, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Da marka ta zauna, abin ya ƙara muni. Ruwa ba ya tsayawa, rana ba ta fitowa, itace ya jiƙe, gida duk hayaƙi, tabarma ta yi funfuna. Ka sa riga ka ji ta da sanyi kamar jikin kwaɗo. An rufe kasuwar mako, kanwa ma ta ɓace, shi ya sa aka koma toka. 'Yan gudun hijira sun cika azuzuwan firamare, in muna noma muna jin tarin yaransu.

Ni a lokacin ba ni da wata sana'a tsayayya. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, don zama wuri ɗaya ba ya yi min. Na yi gareji na gudu, na yi cajin waya na gaji, na je haƙar zinare na dawo da ciwon ƙirji. Sai acaɓa da tsohon mashin ɗin kawuna. Ga suma na tara, ga yawo. A irin wannan lokacin kuwa, duk saurayi mai mashin da suma, ido na kansa, don an san akwai masu kai wa 'yan bindiga burodi da fetur da ƙwaya.

Rifkatu 'yar Malam Bitrus ce. Benci ɗaya muka zauna a firamare, har amsar lissafi na sha leƙa mata. Ni na tsaya a hanya, ita ta wuce har jami'a, tana digiri na biyu. Malamansu suka tafi yajin aiki, ta dawo gida, ta ɗaura zanen uwarta ta shiga gona kamar kowa. Dakta nake ce mata don tsokana.

"Dakta, wannan riƙon fartanya ai sai ta sare ƙafarki."

"Sale, kai dai yi naka layin. Na ga ka bar ciyawa a baya kamar akuya ce ta yi kiwo."

Wata rana muna maimai, yayyafi ya kore mu ƙarƙashin ɗorawa. Na ce mata wai me take karantawa ne haka har shekaru suka tafi. Sai ta yago wani dogon ganyen kaba ta zauna a kan saiwa.

Ta ce na san DNA, wanda ake cewa ana gwaji a gane uban yaro? Na ce na ji a rediyo. Ta ce to igiya ce siririya a cikin kowane abu mai rai, tufka biyu kamar igiyar rama, kuma da haruffa huɗu kacal aka rubuta ta. Amma akwai guntayen da harafi ɗaya ya yi musu yawa, harafin G, su ba sa jiran abokin tufka. Guntun shi kaɗai sai ya naɗe kansa. Ta lanƙwasa ganyen sama, ta dawo da shi ƙasa, ta sake, har ya tsaya da ƙafa huɗu. Ta ce G huɗu ne suke kwanciya su riƙe juna su yi murabba'i, wani murabba'in ya hau kan wani, kamar an jera faifai uku. Ta faɗi sunan abin da Turanci, wani dogon suna mai G a gaba, har yau harshena bai ɗauke shi ba.

Na ce, "Gammo ke nan. Shekara nawa kina karatun gammo?"

Ta yi dariya ta jefe ni da ganyen. Ta ce amma ba ya tsayawa da kyau sai wani gishiri ya shiga tsakanin faifan ya zauna, kuma wannan gishirin shi ne wanda ke cikin ruwan tokar Inna. In irin na kanwa ne ya shiga, naɗin ya kan canza fasali, kuma bai kai na toka ƙarfi ba. Ta ce ana samun irin wannan a bakin igiyar ɗan Adam, can ƙarshe, kuma masana na zargin in aka samu abin da zai ƙara danne naɗin, zai iya rage wa sankara gudu. Ita aikinta shi ne ta gwada ruwan wasu itatuwa ta ga ko suna danne shi.

Gaskiya rabin hankalina yana kan wata gwanda da na hango ta bayan katangar makaranta. Yunwa nake ji. Abin da ya zauna min a kai kawai shi ne ɗan Adam, naɗi huɗu, da toka.

Bayan nan ne aka aiko mata da robobin. Malaminta ne ya yi odarsu daga ƙasar waje tun kafin yajin aiki, aka daɗe ana jira, da suka iso kuma ɗakin gwaji a kulle, shi ya yi tafiya. Wani ɗan uwansu a Kaduna ya karɓa ya ba direba ya kawo tashar Birnin Gwari. Ranar zazzaɓi ya kayar da ita, tana kwance tana rawar sanyi. Ta kira ni ta katanga.

"Sale, don Allah kai ne za ka karɓo min. Kar ruwa ya taɓa, kar ka buɗe. A bushe suke, za ka ga kamar ba komai, amma duk aikina yana ciki. In suka lalace ban san ranar da za a sake samo wasu ba."

Na ce, "Haba Dakta, kwali ɗaya? Kwanta abinki."

Na karɓo lafiya, na naɗe shi a leda biyu, na cusa cikin riga. Sai a ƙofar gari aka tare ni. Kuma ba zan ce 'yan sintirin nan mugaye ba ne. A satin sun kama wani da ƙwaya cikin burodi. Shi Kwamanda tsohon maharbi ne, an kashe masa ƙane a gona, kuma jikinsa duk layu ne.

Ya kawo robar kusa da ido. Ya kira wani cikin yaransa da ya yi boko ya ce ya karanta takardar. Yaron ya ce, "Kwamanda, ba magana ba ce. G, G, G, T, T, A, sai kuma G, G, G. Haka yake ta maimaitawa."

Kwamanda ya gyaɗa kai a hankali. "Na gane. Abu a rufe, ido ba ya ganinsa, ga hatimi a jiki ana maimaita harafi. Ni za a koya wa wannan? Layar zana ce ta zamani. Mutanen daji zai kai wa su riƙa ɓacewa."

Na ce wallahi ba haka ba ne, na 'yar Malam Bitrus ne, kayan karatu ne, a kira ta. Ya tura mutum gidansu, ya tura wani ya kira Baba. Na so in kira ta a waya, amma a lokacin sabis sai an hau dutse.

"To kafin su zo, kai da aka aika, ba ta gaya maka ko mene ne ba?"

Da na yi shiru da ya fi min. Amma ga jama'a na kallo, ga shi ina so a san ni ma na san wani abu. Na buɗe baki na ce, "Wani abu ne na jikin ɗan Adam. Yana naɗe kansa gida huɗu. In an sa masa ruwan toka sai ya yi ƙarfi."

Wata mata ta saki salati. Wani ya ce, "Sassan mutum!" Wani daga baya ya ce, "Dama na faɗa, sumar nan ba ta banza ba ce." Sai ji na yi an ɗauke ni da mari ta baya, kunnena ya yi ɗif. Na yi ta cewa ba haka nake nufi ba, aka ce to me kake nufi. Na lalubi sauran bayanin a kaina, babu. Gwanda kawai nake tunawa.

Baba ne ya fara isowa, da laimarsa mai karyayyen ƙarfe. Kwamanda ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Malam Idi, ɗanka ne wannan. Za ka tsaya masa?"

Baba ya dube ni a cikin taɓon nan. Ya dubi robobin. Sannan ya ce, "Ɗana ne. Amma inda yake zuwa da abin da yake ɗaukowa, Allah kaɗai ya sani. Ni ba zan rantse a kan abin da ban gani ba."

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi marin zafi. Ko sau ɗaya ban taɓa gaya masa inda za ni ba.

Kwamanda ya ce to ai akwai yadda ake yi tun kaka da kakanni. Wanda aka kama da magani, shi ke fara sha. In na cuta ne, a kansa zai ƙare. In ba komai, kowa ya gani.

Ba wanda ya danne ni, ba wanda ya buɗe min baki. An riga an tafi kiran ta, da na ƙara haƙuri kaɗan da ta iso. Amma maganar Baba na ta yawo a kaina, idanun mutane kuma kamar ƙaya. Ni da bakina na ce, "Kawo in sha."

Ya zaɓi wadda G ya fi yawa a jikinta, wai ita ce uwar. Ya ɓalle murfin, ya ɗiga ruwan buta, ya girgiza, ya miƙo min. Na kafa kai. Ko ɗanɗano babu, ruwan buta ne kawai mai warin roba. Aka yi tsit ana jira a ga ko zan ɓace ko zan faɗi. Wani shaƙiyyi ya ce, "Har yanzu dai ina ganinsa." Aka yi 'yar dariya. Kwamanda ya ce ɗaya ba ta isa shaida ba, ya ɗauko ta biyu mai irin rubutun. Na shanye ita ma.

Ina sauke hannu na hango ta. Ta lulluɓa da zanen Mamanta, ba takalmi, tana tafe tana dafa katanga. Ta ratsa mutane ta zo gaban benci. Idonta ya sauka a kan robobi biyu da ke buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta karanta takardar, ta ɗauki ɗayar.

Ta durƙusa ta ce, "Baba Kwamanda, ina wuni. Ni ce Rifkatu ta gidan Malam Bitrus. Kayana ne, na makaranta. Ba a jikin kowa aka ciro ba. Inji ne yake haɗa shi a masana'anta, kamar yadda ake haɗa maganin asibiti. An kwaikwayi irin na mutum ne kawai. Ɗan mitsitsi ne ya bushe a gindin robar, shi ya sa ba a gani."

Kwamanda ya san Malam Bitrus, shi ya koyar da 'ya'yansa. Jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "To 'yata, shi wannan me ya sa ya ce na jikin mutum ne?"

Ta juyo ta dube ni. Ba harara, ba komai. Ta ce, "Bai gane ba ne, Baba. Ku yi haƙuri, ku sake shi."

Bai gane ba ne. Don ta cece ni ta faɗa, na sani. Amma a gaban garin nan kaf, ina durƙushe, wadda muka zauna benci ɗaya. Na ji da ma ƙasa ta tsage.

Wata tsohuwa ta tambaya ko zan mutu. Rifkatu ta ce, "Ba abin da zai same shi, Iya. Kowa na cin irinsa kullum a tuwo da miya." Ta tattara huɗun da suka rage ta sa a ƙirji cikin zane. Baba ya miƙa mata laimarsa, shi ya taho cikin ruwa. Ni na tura mashin a bayansu, don ya ƙi tashi.

Daga baya a bakin Maman Rifkatu na ji cewa biyun da na sha su ne masu naɗewar. Sauran huɗun na gwadawa ne kawai, waɗanda ake auna bambanci da su. In babu biyun, ba su da amfani. Duk da haka ta sa su a gwangwanin madara ta ajiye a gindin randa, wai nan ne ya fi sanyi. Sai da ta ƙara shekara a kan 'yan ajinsu kafin aka sake samo wasu.

Ko sau ɗaya ba ta yi min maganar ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Washegari ma Mamanta ta miƙo mana kwanon dafaffiyar rama ta katanga kamar kullum, na kasa sa hannu, duk da yunwar da nake ji. A gona na koma ɗaukar layin da ya fi nisa da nata, in an ce wa zai hau ɗorawa gadi in yi wuf in haye. Daga can sama nake kallon ta tana noma, da ɗankwali ɗaure a goshi. Samarin tasha suka sa min suna Sha-Asiri, har yau wasu na kira.

Masara ta nuna, aka fara gasawa, yara suka daina kukan dare. Marka ta ɗaga, aka shanya tabarmi a kan katanga. Wata rana ina kan bishiyar na ga ƙanenta yana wasa da ganyen kaba, sai na sauko na yago nawa. Na yi ta lanƙwasawa ina warwarewa. Abin da na manta na tambayi Malam Bitrus a fakaice, shi ma ɗan abin da ta gaya masa ya sani, muka haɗa. Na aske sumar. Baba ya gani. Da zan fita na ce masa tasha za ni, ya ce a dawo lafiya.

Da aka janye yajin aiki ta shirya komawa. Inna ta ƙulla mata kuka da daddawa. Kowa ya raka ta bakin mota, ni na ɓuya a bayan makaranta har na ji tashin motar. Da yamma na hau dutsen da ake samun sabis. Rubutuna ba kyau, sai na danna na yi mata saƙo da murya. Na goge, na sake, na goge. Wanda na bari ya tafi shi ne wannan:

"Dakta, ni ne Sale. Kin isa lafiya? Ban zo mota ba, ba wai ina wani aiki ba ne, idonki ne ban iya kallo. Ki saurara ki ji ko daidai ne. Ba na jikin kowa ba ne, inji ne ya haɗa. Guntuwar igiya ce mai G da yawa, tana naɗe kanta ita kaɗai, G huɗu su riƙe juna, faifai uku a jere, gishirin toka ya zauna a tsakani. Abin da ya kamata in faɗa ke nan ran nan. In na yi kuskure ki gyara min. Kuma in an sake aiko wasu, ban ce ki aike ni ba. Amma in kin rasa wanda za ki aika, ko duka za a yi min, bakina a rufe har ki zo."